Sikelin da na sa miki cikin buhun wake

Zuwa ga 'yata Masi,

Ina gaishe ki da sunan Ubangiji mai kiyaye matafiya. Ina fata kun isa Betso lafiya, ke da mijinki Yohanna da jikana kuma abokina Tizhe, kuma mai babur ɗin da ya ɗauke ku daga bakin titi bai nuna muku gwanintarsa a cikin taɓo ba. Allah ya sa kin shiga gidan da ƙafar dama, ya haɗa ki da maƙwabta na kirki, ya tsare ku daga ciwon damina da na rani. Mamanki tana gaishe ki, ko da yake tun da aka fara ɗaure kayanki ba ta da aiki sai share ido da bakin zane tana cewa hayaƙi ne.

Ba labari zan ba ki ba. Yanzu haka da nake rubutu ina jin muryarki a tsakar gida kina faɗa da ƙannenki a kan tukunya, don haka duk abin da ke gidan nan kin san shi. Gobe a tasha zan danƙa miki takardar, in ce kada ki buɗe sai kin sauka. Na zaɓi takarda ne don na san halina. Shekarun da na yi ina koyar da kimiyya a sakandare sun ɓata mini baki, ko gishiri zan ce a miƙo mini sai ya zama lacca. Ke kuma da kin ji na gyara murya sai ki tuna kin bar abu a wuta.

Ki kwance buhun waken da mamanki ta ba ki. Can tsakiya, a naɗe cikin tsohuwar rigata, za ki ga sikelin nan na rataya mai ƙugiya. Kin san shi sarai. Shi ne wanda nake rataye ku da shi a reshen mangwaro kuna ƙanana, kuna harbin iska kuna ihu, maƙwabta suna leƙowa ta katanga suna cewa Malam zai kai 'ya'yansa kasuwa. Kin tsane shi, na sani. Ba ki taɓa tambayata dalili ba, ni ma ban taɓa faɗa ba.

Ranar Lahadin da ta wuce, da aka tashi daga sujada, na karɓi Tizhe daga hannunki na ce bari in rage miki. Daga bakin coci har gida na ɗauko shi a hannun hagu, ana gaisawa da mutane, ana tsayawa, ana tafiya, ban canza hannu ba. Da muka iso na tambaye ki yaushe rabonki da kai shi awo asibiti. Kika ce tun da kika yaye shi ba ki samu zuwa ba, ga shirin tafiya, ga ɗinki, ga sallama da dangi. Na ce kamar yaron bai da nauyi. Kika yi dariya kika ce, "Haba Baba, ka fara ke nan? Duba kumatunsa mana, ai ƙato ne." Sai na yi shiru na shige ɗaki. Kin ɗauka fushi na yi. Ba fushi ba ne, Masi, na taɓa jin wannan maganar ne, kuma daga bakina ta fito.

Kafin in kai ga wannan, ki yi haƙuri da laccar ƙarshe. Wannan karon babu bulala.

Na ce babu bulala don ina tune da ranar da na tsayar da ke a gaban aji na ce ki faɗi bambancin mas da nauyi. Kika manta a makaranta muke, kika ce, "Baba, ai duk ɗaya ne." Aji ya fashe da dariya. Ni kuma don kada a ce Malam yana sassauta wa 'yarsa, na zane ki fiye da yadda zan zane ɗan wani. Daga wannan zangon kika bar ajin kimiyya kika koma wani, ni kuma na riƙa gaya wa abokaina cewa ba ki da kan lissafi. Ƙarya na yi miki. Kanki lafiya lau, ni ne ban iya koyarwa ba. Haddar Turanci nake nema daga bakinku, in yaro ya rera mini jimlar yadda take a littafi sai in ce ya sani. In Allah ya raya miki Tizhe ya kawo miki amsar da ba daidai ba, ki tambaye shi yadda ya gano ta kafin ki ɗaga hannu. Sau da yawa akwai hankali a cikinta, kamar yadda yake a cikin taki amsar.

Ga abin da ya kamata in gaya miki a ranar, da harshen da muke magana a gida. Mas shi ne yawan abin da aka gina jiki da shi. In dutse ne, yawan dutsen. In yaro ne, yawan ƙashi da tsoka da jini da ruwan da ke jikinsa. Nauyi kuwa shi ne ƙarfin da ƙasa take jawo wannan jiki da shi zuwa gare ta. Da za a ɗauki buhun waken nan naki a kai shi duniyar wata, inda jan bai kai na nan ba, ke kaɗai za ki ɗora shi a ka ba mai taya ki. Amma ko ƙwaya ɗaya ba ta ragu ba, alalen da zai yi a nan shi zai yi a can. Nauyi ya sauya, mas yana nan yadda yake. Kuma ko ba ɗagawa za a yi ba, mas yana nuna kansa. Ki tuna yadda masu amalanken yashi suke fama kafin ta motsa a shimfiɗaɗɗiyar hanya, da yadda suke fama kafin ta tsaya, alhali in babu kaya yaro ma sai ya tura ta da gudu. Abin da nake so ki riƙe shi ne wannan: mas ba ya ƙaruwa sai an zuba wani abu, ba ya raguwa sai an ɗebe wani abu. Tsakanin Mubi da Betso kuwa jan ƙasa kusan ɗaya ne, shi ya sa a wurinmu nauyi yake iya ba da labarin mas, har muke karanta shi da kilo. Kin ga ashe ba ki yi nisa da gaskiya ba ranar da na doke ki.

Hanyar auna shi iri biyu ce. Akwai ma'auni mai faranti biyu, irin na masu nama na da. A sa kaya a gefe guda, a sa duwatsun awo da aka san kilonsu a ɗaya gefen, har sandar ta daidaita. Wannan gwada abu da abu yake yi, ko a wata aka kai shi amsarsa ɗaya ce, don jan da ya ragu a wannan faranti ya ragu a wancan. Akwai kuma irin wanda na ba ki, mai murɗaɗɗiyar waya a ciki. Ƙasa ta ja kaya, kaya ya ja waya, waya ta miƙe, allura ta nuna lamba. Yana da sauƙin aiki, sai dai wayar tana gajiya in ta tsufa, kamar mai shi.

A makarantarmu akwai duka biyun, a cikin kabad ɗin ɗakin gwaji, kuma mabuɗin yana aljihuna. Wannan ma wani kuskurena ne. Tsoro nake kada yara su ɓatar da ƙananan duwatsun tagullar a zo a tambaye ni, sai na kulle, na riƙa zana ma'aunin a allo da alli. Na iya zanen kuwa, har da inuwa nake yi masa. Yara da yawa sun wuce ta hannuna sun ci jarrabawa a kan ma'aunin da ba su taɓa taɓawa ba. Da na yi ritaya na miƙa mabuɗin, duwatsun suna nan cif, ba wanda ya ɓata, tsatsa ce kawai ta cinye sandar. Yohanna malami ne, ki gaya masa in an ba shi kayan aiki ya bar yara su taɓa, ko da za su fasa. Ke ma kada ki adana wannan sikelin a ƙasan akwati don na babanki ne.

Akwai wani abin da na yi wanda har yau mamanki take mini dariya a kai. Wata kaka, ba mu daɗe da aure ba, na tafi kasuwar Uba sayen masarar shekara. Na ƙi tafiya da kowa, ai ni malamin kimiyya ne. Na bi buhunan ina jijjigawa ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya fi gagarata ɗagawa shi na zaɓa. Na dawo ina taƙama cewa na kwaso masu nauyin kasuwar. Ba a yi nisa ba ɗakin ajiya ya fara wari. Da muka kwance, masarar ta yi funfuna, wadda ta tsira kuma da aka shanya ta sai buhunan suka saki. Ashe ba ta gama bushewa ba aka zuba ta. Mamanki ta riƙa gaya wa matan zumunta, "Malam ya sayo mana ruwan Uba a buhu." Darasin da ke ciki ƙarami ne, amma na biya shi da tsada daga baya: awo yana gaya miki yawan abu, ba ya gaya miki ko mene ne abin. Ruwa ma yana da mas. In kin ga abu ya yi nauyi ko ya cika ido, ki sa hannu ki duba cikinsa.

To, yanzu na zo inda nake ta kewaye.

Kin san a wurinmu mutanen Kamwe suna yana bin jerin haihuwa. Ɗan fari namiji Tizhe, kamar ɗanki. Haihuwa ta biyu in mace ce, Masi. Tun kina ƙarama kin san sunanki yana nufin akwai wani a gabanki, kuma abin da muka gaya miki shi ne ya yi zazzaɓi ya rasu kafin a haife ki. Na nemi izinin mamanki kafin in rubuta sauran. Ta ƙarasa tsince wakenta, sannan ta ce, "Rubuta. Amma ka rubuta cewa na gaya maka." Ga shi ina rubutawa: ta gaya mini.

Yayanki Tizhe ya fara tafiya, yana bin kaji a tsakar gida, sai mamanki ta samu cikinki. Lokacin mahaifiyata, Kakarku, ta sauko daga dutse tana zaune tare da mu. Ba ta jin Gude, yaren mamanki, mamanki ba ta jin Kamwe, sai suka haɗu a Hausa, irin Hausar Kaka wadda kowa namiji ne a cikinta. Da ta gane akwai ciki sai ta ce a cire yaron daga nono a ranar, don nonon mai ciki guba ne. Haka aka yi a zamaninsu, haka ta sani. Aka koma ba shi kunun dawa safe da rana da yamma. Ƙwai kuwa ta hana, wai yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo yake zama.

Mamanki tana kai shi awo asibitin unguwa duk wata. Rannan Kaka ta raka ta. Ta ga an tuɓe yaron an zura shi cikin wani ɗan wando an rataye a ƙugiya yana tsala ihu, ma'aikaciyar kuma ta faɗi lambar da ƙarfi a gaban matan unguwa. Ta dawo gida ranta a ɓace. Ina cire takalmi ta tare ni, ta juya ga mamanki ta ce, "Saratu, ka bar wannan abu. Yaro ba akuya ba. Nama ne ana rataye shi a ƙugiya. Abin da za a sayar ne ana sa shi a sikeli. Kuma a faɗi nauyi na yaro a gaban mutane, baki zai kama shi."

Mamanki ta dube ni. Ni ne mai gidan, ni ne na yi karatu, ni ne da safiyar ranar na tsaya gaban aji ina cewa ido da hannu ba abin dogaro ba ne, sai an auna. Na ce, "Ki bi maganar Mama, a zauna lafiya." Tsoron rigima ne kawai. Na gaji da dawowa daga makaranta in tarar da fuska biyu a murtuke, sai na zaɓi wadda ta fi sauƙin lallashi na danne ta. Wanzami ba ya son jarfa, in ji Hausawa.

Bayan wani lokaci, mamanki tana kwance goyo da yamma ta ce mini, "Baban Tizhe, yaron nan ba ya nauyi a bayana kamar da." Kin san abin da na yi? Lacca na yi mata. Na ce bayanta ne ya saba, jiki in ya daɗe yana ɗaukar kaya sai ya daina jin nauyinsa, hannu da baya ba ma'auni ba ne. Gaskiya na faɗa, amma rabinta. Ragowar ita ce, tun da baya ba ma'auni ba ne, sai a nemo ma'auni. Sikelin rataya yana cikin kabad, mabuɗi yana cikin aljihun wandon da nake sanye da shi. Da na ɗauko shi ranar Juma'a na mayar ranar Litinin, ba wanda zai sani, ko Kaka ba sai ta gani ba. Ban yi ba. Ta sake faɗa, na sake ba ta amsa, har ta daina faɗa.

Sai yaron ya fara cika. Kumatu suka yi bul-bul, ƙafafu suka yi tuɓur-tuɓur, ciki ya fito. Kaka ta riƙa ɗaga shi tana nuna wa baƙi. Ni kuma na samu abin da zan rufe bakin mamanki da shi. Na ce mata, "Duba kumatunsa mana, ai ƙato ne. Ido ba mudu ba, amma ya san kima." Gashinsa ya yi ja ya yi laushi, na ce gadon dangin uwarsa ne. Ya daina bin kaji, inda aka ajiye shi nan za a dawo a same shi, na ce yaro ne mai haƙuri, malami zai zama. Duk alamar da jikinsa ya nuna mini sai da na samo mata fassara mai daɗi. Ni da na sayi ruwa a buhu a Uba, na kasa gane ruwa a jikin ɗana.

Gudawa ce ta sa muka kai shi babban asibiti. Ma'aikaciyar ta danna babban yatsanta a bayan ƙafarsa ta ɗaga, sai ramin ya zauna bai ciko ba, kamar an danna tuwo. Ta ɗora shi a sikeli. Ina tsaye a bayanta, na iya karanta allura, ba sai an faɗa mini ba. Da ruwan kumburin da komai, bai kai abin da ya auna ba a awonsa na ƙarshe kafin a yaye shi. Watannin nan duka tsokarsa tana zagwanyewa, kunun dawa zalla ba ya gina jiki, ruwa yana cike gurbin. An yi iya ƙoƙari. Bai yi mako a gadon ba.

Ƙaramin yaro ba a yi masa akwati mai nauyi a lokacin. Aka naɗe shi a farin zane, ni na ɗauke shi. Daga gidanmu na da har maƙabartar da ke hayin kogi tafiya ce mai nisa, kin san wurin, ga yashi, ga hawa. Ƙanena yana gefena yana ta cewa in kawo ya karɓa. Ban ba shi ba, kuma ba jarumta ba ce. Hannuna ne bai gaji ba. Tun daga ƙofar gida har bakin ramin ban canza hannu ba, Masi. Ranar ce na auna ɗana.

Mamanki ba ta je ba, cikinki ya tsufa. Da aka haife ki mutane suka daina kirana Baban Tizhe suka koma Baban Masi, ba wanda ya yi shawara da wani. Albashin farko da na karɓa bayan haihuwarki na shiga kasuwa na sayi sikelin nan.

Yanzu ki saurare ni da kyau, don na san inda zuciyarki za ta tafi, kuma shi ya sa muka ɓoye miki. Kada ki ce da ba a samu cikinki ba da yana raye. Ba ke ba ce. Yara nawa aka yaye da wuri suka rayu suka yi jikoki, don an ba su abinci mai gina jiki an kuma lura da su? Kada kuma ki riƙe Kaka a zuciya. Ta so yaron nan fiye da ranta, abin da ta gada ta yi, kuma har ta koma ga Ubangiji ba ta ƙara furta sunansa ba. Ita ba ta sani ba. Mamanki ta ji a bayanta ta faɗa. Wanda ya sani, yake da mabuɗi a aljihu, ya yi shiru, shi ne ni. Na roƙi gafarar Allah, na roƙi ta mamanki, ta kuma yafe mini tun tuni, amma yafiya ba ta hana mutum tunawa. Da na sani ƙeya ce, kullum a baya take.

Ban ce ɗanki yana da wannan ciwon ba. Ni ba likita ba ne, kuma hannuna ya tsufa, wataƙila ma shi ne yake ruɗina. Ai na gaya miki hannu ba ma'auni ba ne. Wannan karon dai zan ƙarasa maganar: a auna.

Ki nemi reshe mai ƙarfi ko azarar ɗaki ki rataye sikelin, yadda fuskarsa za ta yi daidai da idonki, don in kin kalli allura daga ƙasa ko daga gefe za ta yi miki ƙarya. Ki ƙulla zane mai ƙwari ki rataya shi shi kaɗai tukuna, ki murɗa ɗan ƙarfen da ke sama har allura ta dawo kan sifili, in ba haka ba za ki auna zane ki ce yaro ne. Sannan ki tuɓe shi ki sa shi a ciki, hannunki yana kusa. Zai yi ihu, ke ma kin yi, ki jira allura ta natsu. Da safe kafin ya ci abinci ya fi, kuma kullum da sikeli ɗaya. Tun da na ce wayar ta tsufa, ki riƙa gwada ta: ki rataya galan babu komai, ki mayar da allura sifili, ki zuba ruwa lita ɗaya. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, a Mubi da Betso da ko'ina. In ta nuna haka, sikelin yana kan gaskiyarsa.

Awo ɗaya ba ya faɗin komai. Na wannan watan da na watan gaba, su ne suke magana. Yaro mai lafiya allurarsa gaba take yi, ko da kaɗan-kaɗan. In ta tsaya wuri ɗaya ko ta ja baya, kada ki tsaya neman fassara mai daɗi irin ta babanki, ki kai shi asibiti. In kuma kika ga ya cika farat ɗaya, ki tuna masarar Uba, ki danna yatsa a bayan ƙafarsa. Ramin ya zauna, to a ranar za ki hau babur, ko ana ruwa, ko ana shuka, ko Yohanna yana makaranta. Kuma sikelin gida ba ya maye gurbin awon asibiti, su sun san abin da ya kamata yaro mai watanninsa ya kai. Ki tambayi ranar da suke yi a can tun makon farko.

Kunu kuma kada ya tafi shi kaɗai. Ki dama shi da gyaɗa, ki dafa masa waken nan ya yi laushi ki murje, ki ba shi kifi da ganye da ɗan man ja. Ki ba shi ƙwai. Ku duka na ba ku ƙwai, ba wanda ya zama ɓarawo, in ban da ƙaninki da naman miya.

Na ji gwaggon Yohanna za ta zauna tare da ku. Tsohuwar kirki ce, na gan ta a bikinku, amma tsarar Kaka ce kuma daga dutse ɗaya suka sauko. Wataƙila ranar da ta ga ƙugiya za ta ce yaro ba akuya ba. Kada ki ɗaga mata murya, kada ki nuna mata kin yi boko. Ki durƙusa ki gaishe ta, ki ba ta girmanta, in lambar ce ba ta so a faɗa a gaban mutane, ki riƙe ta a cikinki, wannan ba wani abu ba ne. Amma ki auna. In abin ya gagara, ki ba Yohanna takardar nan ya karanta tun daga farko har ƙarshe. Yaro ne mai hankali mai gudun rigima, shi ya sa nake ƙaunarsa, shi ya sa kuma nake jin tsoro, don ni ma haka aka yabe ni. Yohanna, in kai ne kake karantawa: ranar da matarka ta ce maka yaron ba ya nauyi a bayanta, kada ka ba ta amsa, ka tashi ka ɗauko sikeli.

Takarda ta kusa ƙarewa, mamanki kuma tana kira a zo a ɗaure katifa. Ki yafe mini bulalar nan ta gaban aji. Ki yafe mini shirun ranar Lahadi, da wanda ya fi shi tsawo.

Ubangiji ya yi muku jagora a sabon wuri, ya tsare fitarku da shigarku, ya sa albarka a gonarku da tukunyarku. Ya kiyaye ku a kan hanyoyin nan na babur, ya ba ki ido mai gani da bakin da ba ya gajiya da faɗa. Ni dai roƙona ɗaya ne a wurinsa, safe da yamma. In kun zo Kirsimeti zan tare ku a tasha, in karɓi Tizhe in ce bari in rage miki. Allah ya sa kafin mu kai kwanar gidanmu hannuna ya sage, in canza zuwa ɗayan, shi ma ya sage, har in tsaya a tsakiyar hanya in ce, Masi, zo ki karɓi ɗanki, ya fi ƙarfina.

Ni ne mahaifinki,
Baban Masi, wanda a da ake kira Baban Tizhe.